Hannun Maɗorin Dayi

Tun ranar da muka sauke kaya a Dayi bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a kasuwa a tare ni, har gona ana bi na ina sharar kara. "Gambo, wai da gaske mace ce? Wai da gaske kaza ta yi mashi magani?" Na ba da labarin nan har ya fara gundurata, kuma na lura duk wanda ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa gaba. Jiya a bakin rijiya na ji ana cewa wai kada ya haɗiye ni ya amayar. To, na jiƙa tawada, na feƙe alƙalami. Ga yadda aka yi daga fita har dawowa. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa, ni kuma ku bar ni in sarara.

Ga wanda bai san mu ba, gidanmu gidan ɗori ne. Kakanmu ya yi, babanmu ya yi, da Baba ya rasu sai wana, Yaya Mati, ya gaje shi. Daga Matazu har Malumfashi, duk wanda doki ya kayar ko sa ya tunkuya, zaurenmu ake kawo shi. Ni nawa riƙe mai ciwo ne da jan zare. Ka'idar da muka tarar a gida kuwa guda ce: a ja ƙashi ya koma wurinsa, a jera karan dawa, a naɗe da tsumma, a matse har sai mutum ya kira sunan uwarsa, kuma ba a kwancewa sai ya cika kwana arba'in.

Gab da saukar damina Yaya ya hau gyaran jinkar rumbu, tsani ya goce, ya faɗo a kan hannun dama. Wuyan hannun ya karye. Maɗori ba ya ɗora kansa, sai aikin ya faɗo kaina. Yana zaune gumi na zuba, yana ba ni umarni, ina ja yana cewa in ƙara matsewa. Ranar da muka kwance, ni na fara kawar da kai. Hannu ya karkace kamar lauje, yatsu sun sandare, ba su buɗuwa ba su rufuwa. Wanzami ya yi ƙaho, malamai sun yi rubutu, wata Bafillatana ta kawo saiwa, duk a banza. Mutane suka daina zuwa zaure, Yaya ma ya daina zama a cikinsa. Bai taɓa ce mini uffan ba, amma ni na san hannun da ya ja zaren.

Ana cikin haka, bayan an gama yankan dawa, Madugu Ɗan'azumi ya sauka garinmu da ayarin kanwa zai yi kudu. Ya ga hannun, ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mana ƙwaurinsa. Ya ce takarkari ne, wato san ɗaukar kaya, ya taka shi a ƙasar Gwari, ƙashi ya haɗe a karkace, wata tsohuwa a kan dutse ta sake karya shi ta miƙe. Fatake suna ce mata Inna Mai Kaza. Yaya ya ce Allah ya tsare shi, ɗan gado guda ya kai hannunsa wurin mace. Kwana biyu ina binsa da roƙo. A na uku, da asuba, na tarar ya riga ni ɗaure guzuri.

Ni fa ban taɓa wuce Malumfashi ba a rayuwata, don haka da muka ba ganuwarta baya sai na ji ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Jakuna a jere, kowa na waƙarsa, ga auduga ta fashe fari fat dama da hagu. Ina ta tambayar madugu sunan kowane tsauni da kowane rafi, har ya ce in ban rufe baki ba zai ɗora mini mangalar jaki.

A Funtua, 'yan gidaje ne a gindin wani dutse, muka sauka wurin Sarkin aska, tsohon aminin Baba. Bayan magariba aka kawo tuwo da miyar kuka a akushi ɗaya. Tun da abin ya faru kuwa Yaya ba ya ci a gaban mutane, kunyar ci da hagu yake ji. Aka ce bismilla, sai na ji ya ce wai azumi yake. Azumi, rana ta riga ta faɗi! Na dubi ƙasa. Tsohon bai yi ko murmushi ba. Ya wanke hannun hagunsa, ya mayar da na dama baya.

"Ni kau yau na wuni ina aski, wanga hannu ya gaji," in ji shi. "Ku yi mani haƙuri, da hagu za ni ci. Allah ya san lalura. Kai Gambo, taya ni, kada in ji kunya ni kaɗai."

Haka mu uku muka ci da hagu, miya na bin gwiwar hannunmu. Yaya ya ci har ya suɗe. Da muka gama, tsohon ya karɓi hannun ya jujjuya a hankali, ya ba mu labarin shekarar da haƙori ya hana shi barci, har ya kai kansa wurin wanzamin Bakori, wanda suka shekara goma ba su gaisawa. Ya ce mutumin ya cire haƙorin sumul, kuma har gobe ba sa gaisawa. Ranar na fara jin Yaya ya yi wani abu mai kama da dariya.

Maska gari ne, jama'a! Ban taɓa ganin marina da yawa haka ba, ƙarar bugu tun daga nesa kake ji, masaƙa a kowace inuwa. Amma kafin mu ga wannan sai da muka sha kunya a ƙofa. Yaya ya saba ɓoye hannun cikin riga. Mai tsaron ƙofa ya bar kowa ya wuce, ya gitta masa sanda.

"Kai, hiddo hannunka. Ɓarayin da aka yanke ma hannu haka suke shigo mana, riga har ƙasa."

Madugu ya yi rantsuwa, ni na yi, mutumin ya ce shi da idonsa yake aiki. A gaban masu itace da masu nono Yaya ya zaro hannun. Sai wani masaƙi ya ɗaga murya, "La! Wannan ba maɗorin Dayi ba ne? Ashe ku ma kuna karyewa?" Ba da mugunta ya faɗa ba, amma aka taru ana leƙe. Da muka isa zango Yaya ya ce shi gobe gida zai koma. Ban yi masa musu ba, na dai ɗauki jakarsa da takalmansa na cusa a kayan jakin da ke kan gaba.

Abin da ya tsayar da shi ba dabarata ba ce. Da hantsi muka shiga kasuwa, muka tarar an yi da'ira. Wani Babarbare ne mai aikin ido, ya zaunar da wata tsohuwa da farar yana ta rufe wa ido biyu, ya sa ɗanta ya riƙe mata kai. Ya ɗauko allura, ya shigar ta gefen ƙwayar ido, ya danna yanar ƙasa. Ni dai na runtse nawa. Da na buɗe, ya ɗaga yatsu yana tambayarta nawa ne, ta ce uku. Sannan ta juya ta dubi ɗan nata ta ce, "Kai, yaushe ka yi furfura?" Kasuwa ta ɗauki kabbara. Na ji Yaya ya kama rigata da hagu, ya ce a kunnena, wannan mutumin hannunsa ko rawa ba ya yi. Bai ƙara zancen komawa ba.

Bayan Dandume ƙasar Katsina ta ƙare, daji ya karɓe mu. Madugu ya tara mu ya ce daga nan ba waƙa, ba hura wuta mai hayaƙi, don mahara suna kwana a irin wurin nan. Sai na ga fatake suna ɗaura wa kowane jaki dutse a wutsiya. Na tambaya, aka ce jaki ba ya kuka sai ya ɗaga wutsiya, in ta yi nauyi sai ya haƙura. Na yi dariya har aka harare ni. To, ku je ku gwada a naku. Kwana biyu muka yi a dajin nan, jaki ɗaya bai ce ƙala ba.

A bakin wani kogi muka ci karo da masu tsaron iyaka, Gwarawa ne da baka da kwari, kuma ba su cika son ganin mutanenmu ba. Madugu yana jin harshensu. Ya miƙa musu dunƙulen kanwa da gishiri, ya nuna hannun Yaya, ya ambaci tsohuwar. Sai na ga fuskoki sun saki, har ɗaya ya buɗe kafaɗarsa yana nuna mana inda ta gyara masa.

Ƙetarewar ce abin kallo. Babu jirgi, sai wasu manyan goruna. Kai ka rungumi gora ta wannan gefe, mai fito ya rungume ta ta wancan, ku kama hannun juna, shi yana iyo da ƙafa. Yaya kuwa hannu ɗaya gare shi. Na warware rawanina na ɗaure shi a jikin gorar tamau, ina taƙama na iya ƙulli. Suna kaiwa tsakiya gora ta juya, mai fito ya koma sama, wana ya koma ƙasa. Na kurma ihu, na faɗa ruwa, na manta ban iya iyo ba. Aka tsamo mu duka biyu kamar tsumma. Yaya yana tofar da ruwa, ya dube ni ba hula ba takalmi ɗaya, ya fashe da dariya har yana tari.

"Gambo, in Allah ya kai mu gida, kada ka ƙara ɗaure mani komi!"

Wasa ya yi, na sani, ni ma na yi dariyar. Amma na yi ta juya maganar har muka hau dutsen.

Ƙauyen a can sama yake, sai ka yi rarrafe a wasu wurare. Abin da ya fara ɗaure mini kai, mata suna hawa da tulu da itace da doya, amma ba mai ɗauka a ka, duk a kafaɗa. Na sa madugu ya tambaya, wata ta ce kai shi ne sarkin jiki, yana ɗauke da tunani, ba a ƙara masa wani kaya. Na ce a kawo in gwada. Taku uku na yi tulu ya tarwatse, mata suka yi ta tafi suna nuna ni. Har muka baro garin, in na gitta sai su dafa kafaɗa.

Aka ba mu ɗaki da tabarma. Sun kawo giya a ƙwarya, muka ce mun gode, ba wanda ya ji haushi. Suka ma bar mu mu riƙa yanka abin da za mu ci da kanmu. Doya kuwa, mu da muke ganinta jifa-jifa, a can ita ce safe ita ce dare. Su dafa, su kirɓa a turmi har ta yi danƙo. Lomar farko na tsaya taunawa, ta manne mini a ganda, ina zare ido, sai da mai gida ya nuna mini haɗiyewa ake yi. Kafin mako ya zagayo na fi shi ci.

Inna Mai Kaza 'yar ƙaramar tsohuwa ce, da lofe a baki, tsakar gidanta cike da kaji masu ɗingishi. Ta tsinci Hausa a bakin fatake, gajeruwa amma tana isa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta kama hannun, ta rufe ido, tana bin ƙashi da babban yatsa.

"Wa ya ɗaure?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe. Ta ce za ta yi, amma ba ta ɗauki alkawari ba. Madugu ya yi mana sallama, ya ce sai wata biyu zai biyo ta nan.

Kwana bakwai tana gasa hannun da ruwan zafi, tana murza shi da man kaɗe. A na takwas da safe ta ce Yaya ya zaɓi kaza, ya nuna wata fara. Ta kama ta, ƙas, ta karya mata ƙafar dama. Wai daga yau kazar da hannun tafiyarsu ɗaya, ranar da ta taka ƙasa, ranar ƙashi ya kama. Muka dubi juna, Yaya ya yi istigfari a hankali. Sannan aka kifa turmi, aka ɗora hannun Yaya a kai, ƙarti huɗu suka danne shi, na sa masa fata a baki. Ba zan kwatanta muku ƙarar ba. Na sha jin ƙashi na karyewa, amma ban taɓa jin na ɗan'uwana ana karya shi da gangan ba. Ta ja, ta murɗa, hannu ya miƙe a gaban idona. Na yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse.

Ɗaurin ne ya rage mini murna. Ta shimfiɗa auduga, ta naɗa wata 'yar tabarma ta siraran gwangwala, ta zagaya igiya sakwa-sakwa, har tana zura yatsa ƙarƙashi ta ga ya shige. Haka ta yi wa kazar ma. Ta ce duk bayan kwana uku za ta kwance ta shafa mai.

Washegari da azahar, ta tafi daji neman ganye, muna zaune a inuwa kazar na kwance gabanmu. Yaya ya dubi hannunsa, ya dubi kazar, ya ja tsaki.

"Wanga ɗori ne ko ado? Ja kam ta iya, ban hana ta ba. Amma da Baba zai ga wanga ɗauri, da ya yi kuka."

Na ce ko in ƙara matse masa. Ya ce a'a, za ta gane, kuma muna gidanta. Can ya ce ai mu ba mu yarda da zancen kaza ba, ko? Na ce ko kusa. Ya ce to mu yi wa kazar ɗorin gidanmu, in ta riga sauran kaji takawa, tsohuwa ta ga aikin 'yan gado da idonta, ta gyara masa nasa. Wallahi a lokacin na ga hikima ce babba. Na samo kara na feƙe, na yagi bakin rigata, na zare zare. Ina ja yana cewa, "Ƙara. Ƙara kaɗan." Na naɗe tabarmar tsohuwa a kai don kada a gani, muka zauna muna jin daɗin kanmu.

Kwana biyu kazar ta ƙi ci. A na uku da safe na leƙa, ƙafa ta kumbura, yatsu sun yi baƙi, sun ƙanƙame. Mu da muka ce ba mu yarda ba, sai ga mu tsugune a kan kaza muna salati, Yaya yana taɓa hannunsa yana cewa yana jin sanyi a ciki. Kafin mu yi wata dabara matan gida sun gani, gari ya ɗauka. Mutane suka cika tsakar gida suna duban Yaya yadda ake duban wanda aka gama wa wankan gawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Inna ta zo, ta ɗaga tabarmar, ta ga kara da zare. Ta cire lofe daga baki. Na ce ni ne, Yaya ya ce ƙarya nake, shi ya sa ni. Ba ta kula mu ba. Ta yanke zaren, ta ɗora kazar a cinyar Yaya, ta kama baƙaƙen yatsun ta ɗaga masa.

"Duba. Haka naka ya zo."

Ya duba. Ta ce jini hanya yake so, in ka toshe masa, ƙashi zai kama amma nama ya mutu. Sannan ta tambaye shi, a garinku mutum nawa ne masu irin wannan hannu? Na ɗauka zai yi fushi. Sai na ga leɓensa na motsi, yana kiran sunaye: wani manomi a Matazu, wata mai koko a unguwarmu, wani maƙeri da ya bar ƙira. Duk mun ce ƙaddara ce, su ma sun ce ƙaddara ce, har goro suke kawo mana da salla. Hawaye ya zubo masa a gaban mutanen da ba su ma jin abin da yake faɗa. Ni ma na yi, kuma ba zan ɓoye muku ba, cikin kukan nawa har da na sauƙi, don wata shida ina ɗauka ni kaɗai ne mai laifin.

Na tambaye ta ko hannun ya lalace ke nan. Ta ce ita ba ta sani ba. Mutanenta sun ce kaza da mutum ɗaya ne, ita dai abin da ta sani, mutum yana ƙarya, ya ce ya warke don ya gaji da zama, ko ya ce da saura don tsoro, kaza kuwa ba ta taka ƙasa sai ƙashi ya kama. Yanzu mun ɓata mata abin da take dubawa. Hukuncin da ta yanke shi ne, daga yau Yaya ne mai jinyar kazar, kuma da hannun ciwo zai riƙa ba ta abinci, ƙwayar dawa ɗaya-ɗaya.

Ku zo ku ga maɗorin Dayi, wanda hakimai ke aiko wa doki, zaune a ƙasa yana fama da ƙwayar dawa! Ranar farko ya wuni bai ɗauki ko ɗaya ba, kaza na kallonsa, yana ba ta haƙuri. Ya sa mata suna Gimbiya. A mako na biyu ya ɗauki guda tsakanin babban yatsa da manuni, ta faɗi, ya sake ɗauka, Gimbiya ta cafe. Na zagaye gidan da gudu ina ihu, mata suka ɗauka kunama ce ta harbe ni. Ni kuma tsohuwa ta sa ni a gaba, duk wanda aka kawo da karaya ni ke naɗa tabarma, tana zura yatsa, in bai shige ba ta make ni da lofe. Na sha shi ba adadi.

Kazar ta taka a ƙarshe, amma yatsanta ɗaya ya bushe ya faɗi. Yaya kuma ƙaramin yatsansa har yau a lanƙwashe yake. Masu tambayata ma'anar wannan, ku je ku tambayi liman, ni na faɗi abin da na gani ne kawai.

Hanyar dawowa ba wani labari. Madugu ya zo a kan lokaci, kogi ya janye har jakuna suka taka, mai ƙofar Maska bai ko dube mu ba. Gimbiya tana nan gidanmu, kuma Yaya ya ce duk wanda ya yi mata kallon miya ba shi ba shi. Abin da na bari a ƙarshe shi ne wanda ban taɓa faɗa a bakin kasuwa ba.

Ranar da aka cire tabarma, ana gobe za mu taso, Yaya ya dunƙula hannu ya buɗe, ya ɗaga ƙwarya cike da ruwa, jama'a na ta murna. Shi kaɗai ne bai yi ba. Ya ce wa tsohuwa ɗaukar ƙwarya ko mai noma ya iya, shi maɗori da bakin yatsa yake gani, kuma bai sani ba ko nasa sun makance. Ta ce wannan mai sauƙi ne. Ta ɗaure masa ido da tsumma, ta jawo hannuna ta miƙa masa, ta ce ya faɗa mata ko wannan ƙashi ya taɓa karyewa. Na buɗe baki zan ce bai taɓa ba, ta daka mini harara.

Ya fara daga wuyan hannu, yana hawa a hankali. Ina jin yatsun da sanyi a fatata. Ya wuce tsakiyar damtse na ƙasa, ya dawo, ya sake dannawa. Sai ya tsaya cak.

"Nan," in ji shi. "Ga shi nan. Ina jin shi, Gambo! Wallahi ina jin shi!"

Na ce, "Yaya, ni fa ban taɓa karyewa ba."

"Ka taɓa. Kana shekara huɗu, ka faɗo daga kan turmi, Baba ya tahi Matazu. Kai ne ɗorina na hwarko." Ya janye tsumman daga idonsa, bai saki hannuna ba. "Kana ta kuka, na kasa matse ka. Da Baba ya dawo ya ga ɗaurin, sai da ya zane ni, ya ce na lalata maka hannu."

Ya jujjuya hannun nawa, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, duka biyar ɗin, ya miƙe su.

"Shekara talatin ina ɗori," ya ce, "ashe wanda na yi daidai shi ne wanda aka buge ni a kai."